Ranar da Na Sa Talabijin a Kasuwa

Zuwa ga jikana, maigidana na nesa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya yi wa nemanka albarka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jinin matakala. Yayarka ta yaye ɗanta, ya zama shugaban masu ɓarna a gidan nan. Na ga hoton da ka aiko. Wannan gemun in ba ka aske shi ba, ka nemi wata matar, ni na fasa.

To, ƙungiyar ƙwallon nan taku ta kusa raba mini 'ya'ya. Bashi ya yi wa mai ita katutu, 'yan wasa wata huɗu ba albashi, motarsu ma tana garejin baffanka an rasa kuɗin taya. Sai wani attajiri ya ce zai saya, amma zai canza mata suna da launin riga. Babanka ya ce a sayar, suna ba ya ciyar da kowa, shi kuma tela ne, kowane launi aka kawo zai ɗinka. Baffanka ya ce sam, magoya baya su haɗa kuɗi su riƙe abinsu, duk wanda ya yarda a taɓa rigar nan ba masoyi ba ne, ɗan kallo ne. Wannan "ɗan kallo" shi ya ɓata komai. Sati uku ba gaisuwa, mutane da furfurarsu! Ranar wasa su zo falona gaban talabijin ɗin da ka saya mini, wannan a bakin ƙofa, wancan a jikin taga, kamar baƙi a tashar mota. Abin ya tsaya mini a rai, don tun rasuwar kakanka wasan nan ne kaɗai ke haɗa mini su a ɗaki ɗaya.

Ran Asabar da la'asar, saura minti goma a fara, sai ga mai gyaran rediyo na bakin titi, wanda muka riga muka ƙulla da shi. Na sanar da babanka da baffanka cewa ni ma ƙungiyata ta karye: wuta ta yi tsada, 'yan kallo sun shanye mini sukari, saboda haka na sa talabijin a kasuwa. Mutumin ya ƙwanƙwasa bayanta, ya taya, ya zare waya, ya rungume ta. Babanka ya yi tsalle ya ce kayan gida ba na sayarwa ba ne. Na ce ashe? Ai na ɗauka shi ne sarkin a sayar. Baffanka ya fashe da dariya, sai na juyo kansa, na ce mai shirin sayen ƙungiya guda ya fara gwada ƙarfinsa a kan kwalin sukari. Nan babanka ya rama dariyarsa. Su biyu suka ƙwace talabijin ɗin, kowa ya kama gefe, suka mayar kan tebur, suna gaya wa juna a yi hankali da kusurwa. Da suka waiwayo, doguwar kujera ɗaya ce ta rage, don tun safe na sa an fitar da sauran.

An ci ƙungiyar tasu biyu da nema, suka haɗa baki suna tsine wa gola, ni kuwa ban taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba. Har yau ba a san wa zai sayi ƙungiyar ba, gardama kuma tana nan, amma a kwano ɗaya ake yin ta. Sukari ya zo kwali biyu.

Mamanka da goggonka da yayarka suna gaishe ka, babanka da baffanka sun ce in tambaye ka ɓangaren wa kake. Kada ka amsa. Rimot yana ƙulle a bakin zanena, ni ce mai ƙungiya a gidan nan.

Taka har ka aske gemu,
Kakarka.