Zangon Ƙarshe na Bitrus

Asabar, bayan isha'i.

Yaran ƙungiyar Arawa sun cinye mu da maki biyu, amma ban yi nadama ba.

Dokar gasarmu ta ƙwallon kwando a fili take: duk yaron da ya sa riga sai ya buga zango ɗaya cikin huɗun. Bitrus ya makara saboda koyon waƙa a coci, zangon ƙarshe kaɗai ya rage masa. Muna kan gaba na cire Sadik, gwaninmu, na sa shi.

Baban Sadik ya taso har bakin layi. "Koci, ka ce wa alƙalin wasa yaron ba shi da lafiya mana! Kowa haka yake yi."

Na ce, "Alhaji, a gaban yaran zan yi ƙaryar?"

Sau biyu ƙwallo ta suɓuce wa Bitrus. Gaskiya raina ya sosu. Amma da aka tashi, Sadik ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ran Laraba ka zo da wuri, in nuna maka yadda ake riƙewa."

Alhaji na tsaye yana ji.