Ɗan mesan da Na-Tozai ya ba ni ajiya

Daga wani memba, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masana sun cika littattafai da labarin faɗuwar dauloli, amma ban ga wanda ya rubuta yadda malamin kimiyya ke rushewa a kan maciji ɗaya ba. Don Allah ku ba ni shawara, shekara arba'in ke nan ina ba kaina, ba ta yi ba.

Shekarar da aka rufe boda ina koyarwa a Illela, ina da aboki gardi, mu kira shi Na-Tozai, mai wasa da macizai ranar kasuwa. Yana da wani ɗan mesa da ba ɓawo ko ɗaya a bayansa, fatarsa sumul kamar kunnen jariri. Ba ya wasa da shi, kiwonsa kawai yake, don a gonar mahaifinsa ya tsince shi kwana bakwai bayan rasuwar tsohon. Ni kuwa da satifiket ɗina na zauna na yi masa lacca, cewa babu wani sirri, gado ne ɓoyayye, uwar na ɗauke da shi, uban na ɗauke da shi, kowa da ɓawonsa, sai sun haɗu a ɗa guda yake fitowa. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Malam, kai ka san uwatai da ubanai, ni na san mi shi ka ci."

Da zai je Ƙonni jinyar ƙanwarsa ya kawo mini shi, saboda zafin hanya. Ya ce in bar shi cikin tulunsa da yashi mai damshi, in yayyafa ruwa safe da yamma, kada in ƙara komai. Na ga tulu ƙauyanci ne. Na sa kafinta ya haɗa akwatin gilashi irin na littafi, na zuba garin katako, na kai aji ƙarƙashin rufin kwano, cikin bazara, wai ɗalibai su ga gado da idonsu. Kwana biyu fatar ta fara yamushewa, sai na yi abin da uwa ke yi wa ɗa mai kaushi, na shafe shi da man kaɗe. Rana ta huɗu ya mutu. Daga baya na karanta cewa ɓawon ne ke kare fatarsu, marar shi zafi da bushewa sun fi saurin cinye shi. Na gano amsa bayan an karɓi takarda.

Da ya dawo na ce masa macijin ya gudu. Bai ɗaga murya ba, ya tambayi gefen da ya bi, na nuna gabas. Abin da ban sani ba, a wurinsa maciji ba ya barin mai shi sai amana ta ɓaci, ya ɗauka mahaifinsa ne ke fushi da shi. Damina biyu yana leƙa rumbuna da tsofaffin rijiyoyi har Gidan Katta, daga nan ya saki sauran macizansa ya koma dakon albasa. Shi ne ma ya riƙa lallashina, wai "ba kai yab bari ba Malam, ni yab bari."

Yanzu ya makance, jikin kuma ya ƙi. Makon jiya na je gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce kullum yana neman gafarar abin da ya yi wa ubansa, matsalar bai san ko mene ne ba. Matata ta ce in bar tsoho ya tafi yana ganina abokinsa. Limaminmu ya ce haƙƙi ba ya tsufa. In na faɗa, na sauke masa ubansa daga ƙirji, amma na sanar da shi cewa shekarun dakon nan duk a kan ƙaryata ya yi su. In na yi shiru, zai mutu yana tuba daga laifina.

To jama'a, in faɗa ko in bari? In faɗar ce, in tafi masa da macijin ne ya shafa? Domin ban binne shi ba. Yana cikin kwalbar sifirit a kabad ɗina, har sufeton makarantu ya yaba mini a kansa.