Ƙorafi Kan Lagireton Da Aka Shafa Wa Fentin Jan Ƙarfe

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Ofishin Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya.

Daga:
Mai gyaran lagireton mota,
Rumfa ta huɗu, Layin Makanikai, bayan tashar manyan motoci.

Litinin, 4 ga Agusta, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KAYAN SANYAYA KWAMFUTA DA RUWA DA AKA SAYAR MINI BISA ƘARYA, DA LAIFIN DA YA FAƊA KAN 'YATA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina mai gabatar da wannan ƙorafi gaban ofishinka mai daraja. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa, domin duk inda na biyo da bayanin sai in tarar da kaina a ciki. Saboda haka na yanke shawarar in faɗi komai, har da abin da bai yi mini daɗi ba.

1. 'Yata ta biyu tana shekarar ƙarshe a kwalejin koyon zanen gine-gine. A gida Injiniya muke ce mata, tun tana ƙarama tana kwance mana rediyo. A watan Fabrairu sashensu ya ba ta aron katin hoto, wato abin da ake sakawa cikin kwamfutar tebur don ta iya fitar da manyan zane. Ita ta sa hannu a takardar aro, da sharaɗin za ta mayar da shi yadda ta karɓa. Da ta fara aiki sai kwamfutar ta riƙa ɗaukar zafi, fankokinta na ihu, can sai ta mutu ana tsakiyar zane.

2. Ita ta gaya mini cewa akwai masu sanyaya kwamfuta da ruwa: famfo ƙarami, tiyo, tanki, lagireto, da faranti biyu na jan ƙarfe, ɗaya a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗaya a kan katin. Ta ce masu kyau sun fi ƙarfinmu, a bar maganar, za ta lallaɓa da fankar ɗaki. Ranka ya daɗe, da na ji kalmar lagireto sai kaina ya kumbura. Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a. Na cika baki gaban mahaifiyarta da ƙannenta cewa wanda ya sanyaya injin tirela ba zai gagara sanyaya akwati ba.

3. Ranar Asabar, 8 ga Maris, muka je tare shago mai lamba 37, bene na biyu, a layin masu kayan kwamfuta. Mai shagon, wanda maƙwabtansa ke kira Ba-Matsala, ya fito mana da saiti mai araha. Na tambaye shi sau biyu ko lagireton jan ƙarfe ne, domin kowane mai sana'ata ya san cewa in jan ƙarfe da alminiyam suka haɗu a ruwa ɗaya, alminiyam ne zai cinye. Ya rantse cewa jan ƙarfe ne ciki da waje, ya nuna mini rubutun kwali, ya kuma rubuta hakan da hannunsa a kan rasit. Kwalin da rasit ɗin suna haɗe da wannan takarda.

4. A nan ne nawa laifin ya fara. A sana'armu ba a karɓar lagireto da maganar baki. Ana ɗaga shi a ji nauyinsa, sannan a kankari gefensa da magagari a ga launin da ke ƙarƙashi. Magagarina yana aljihuna a ranar. Na ɗaga lagireton, hannuna ya gaya mini bai kai nauyi ba. Amma Injiniya na tsaye tana murmushi, tana shafa shi tana cewa ya yi kyau, ni kuwa na san in na kankara ya fito fari, babu wani da zan iya saya mata. Sai na ce wa raina ai ƙarami ne shi ya sa, na bar magagarin a inda yake.

5. Washegari na haɗa kayan. Kafin a ɗora farantin ruwa a kan katin sai an cire fankarsa ta asali, kuma akwai ɗan tambari a kan ƙusa ɗaya, mai nuna ba a taɓa buɗe katin ba. Ta roƙe ni in bar katin, in yi furosesa kaɗai, tunda katin ba namu ba ne. Na ce mata ta koma ga zanenta ta bar ƙarfe ga masu ƙarfe. Da hannuna na fasa tambarin. Na zuba ruwan batir zalla, wato tataccen ruwa, ban sa maganin tsatsa ba, tunda an ce mini duk ƙarfe ɗaya ne. Gaskiya kwamfutar ta yi shiru, ta yi sanyi. Wata huɗu ina kiran abokaina cikin falo suna kallon ruwa na zagaya tiyo, ina yi musu bayani kamar ni na ƙera.

6. Ranar Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi, bakin lagireton ya ɗiga a kan katin, katin ya ƙone. Da aka kira ni daga rumfa, ban tsaya dubawa ba, na hau ta da faɗa gaban ƙannenta cewa ita ta taɓa tiyon da rawar kanta. Sai da na kwance kayan na ga farin ƙullu ya toshe farantan, bakin lagireton ya rube kamar haƙori. A lokacin ne na fito da magagarin da ya kamata in fito da shi tun Maris. Shafa ɗaya fentin ya tashi, alminiyam ya fito fari fat. Na kasa ɗaga ido in kalle ta.

7. Ranar Litinin, 21 ga Yuli, da kuma Alhamis, 24 ga Yuli, na koma shago mai lamba 37. Zuwan farko ya ce ba shi ya ƙera ba. Zuwa na biyu ya shafa wa idonsa toka ya ce jan ƙarfen da ya rubuta launi yake nufi. Ya ƙara da cewa, gaban mutane, yana mamakin tsohon mai lagireto da bai san alminiyam ba. Aka yi dariya. A wannan ɗaya kam bai yi ƙarya ba. Na ga irin kwalin guda shida a kan kantarsa, har yanzu yana sayarwa.

8. Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Ranar Talata, 29 ga Yuli, kwamitin ladabtarwa na kwalejin ya kira ta kan fasa tambari da lalata kayan sashe. Ta gaya musu ita ta buɗe katin da kanta, ba wanda ya sa ta. Ban sani ba sai ranar Juma'a, da mahaifiyarta ta ga takardar cikin jakarta ta kawo mini rumfa. An dakatar da gabatar da aikinta, kuma za su yanke hukunci ranar Litinin, 18 ga Agusta. In suka tabbatar da laifin, shekarar nan ta tafi. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce ba ta son a tsayar da Babanta gaban yara ana masa tambayoyi. Na je kwalejin da kaina, sakataren kwamitin ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce kowane uba haka yake cewa, sai in kawo shaida a rubuce daga hukuma.

Bisa wannan, ina roƙon ofishinka da girmamawa:

Na ɗaya, a gwada lagireton da na kawo, a ba da rahoto a rubuce kan irin ƙarfensa da abin da ya jawo yoyon, kafin 18 ga Agusta.

Na biyu, a binciki shago mai lamba 37, a ɗauke sauran kwalayen kafin su shiga gidan wani.

Na uku, ina roƙon a kira ni a ɗauki bayanina bisa rantsuwa, a rubuta cikin rahoton cewa ni na zaɓi kayan, ni na fasa tambarin bayan ta hana ni, ni na haɗa. Kada a sassauta lafazi don ganin furfurata. A aika wa kwamitin kwafi, in sun so in tsaya gabansu, zan tsaya.

Ba na neman a mayar mini da komai. Ranka ya daɗe, kwana goma sha shida ke nan yarinyar nan tana kawo mini ruwan wanka da safe, tana durƙusawa ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Ban ba ta haƙuri ba tukuna, domin duk lokacin da na buɗe baki sai kunya ta hana ni. Ina so ranar da zan ba ta, ya zama da takardar ofishinka a hannuna, sunana a wurin laifin, nata a wanke.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Ina jiran kira a kowace rana, rumfata ba ta da nisa.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Baban Injiniya,
Mai gyaran lagireto, Rumfa ta huɗu.