Durƙusa wa Talho

Yamai, 9 ga Yuni, 1963

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna, da mutanen Tawa duka? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon gwiwa.

Baba, lakwal, makarantarmu, ta tura ni gwaji a wani biro, wato ofis, a unguwar Filato, aikin amsa talho. Za su ɗauke ni, amma sai ka sa hannu a takardar nan kafin ƙarshen wata, ko su ba wata aikin.

Na ji Kawu Ɗan'azumi ya ce aikin biro yana cire wa 'ya mace kunya. Ka gaya masa mazan ba sa ganina, murya ce kawai cikin waya. Duk da haka, in na ji muryar babba sai na durƙusa na gaishe shi. Jiya na durƙusa sau arba'in. Igiyar gajera ce, har talhon ya faɗo mini a goshi.

Madam Hajara, shugabarmu, ta ce, "Raliya, tashi! Mushen nan, mutumin da ke cikin waya, ba ya ganinki!"

Na ce, "Madam, ai ya girmi babana."

Don Allah ka sa hannu. Kunyata tana nan, in Kawu yana son shaida, ga ta ta kumbura a goshina.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Raliya