Jitata ce ta maye gurbin yayan matata

Malama, don Allah ki taimaka mini da shawara. Abin nan ya kai ni inda ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a gida, domin duk wanda zan gaya wa, abin ya shafe shi.

Ni makaɗin jita ne. Shekara ashirin da uku ke nan ina kiɗa a bayan wani mawaƙi. Mu biyar ne: shi maigidan namu, mai ganga, mai jitar bes, ni, sai mai fiyano. A kan mai fiyanon nan nake rubuto miki. Shi ya kawo ni ƙungiyar tun ina kiɗa a ɗakina ba mai ji sai maƙwabta da ke buga mini bango. Ƙanwarsa nake aure, 'ya'yanmu huɗu. Yaya nake ce masa tun kafin auren ma. A wajen kiɗa ba ma buƙatar magana, yana ɗaga kafaɗa na san zai juya waƙar.

Wata goma sha ɗaya da suka wuce muna gwaji da hantsi a ɗakin da muke amfani da shi a bayan wani shagon gyaran firiji, sai na ji hannunsa na hagu ya daina bin na dama. Na ɗauka wasa yake, don mutum ne mai tsokana. Na juyo zan yi masa dariya, sai na ga bakinsa ya karkace. Hawan jini ne ya buge shi. Ya rayu, alhamdu lillahi. Magana ta dawo duk da a hankali take fita, hannun dama lafiya lau, amma na hagun yana nan kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba.

A lokacin muna da ayyukan da aka riga aka ɗauke mu. Mun gwada masu fiyano biyu, ba wanda ya shiga da mu. Sai injiniyan sautinmu ya ce akwai wata manhaja da ake sawa a kwamfuta, a jona jita da ita, idan na taɓa tsirkiya sai ta gane sautin ta fitar da shi da muryar fiyano, ko ogan, ko sarewa, duk wadda na zaɓa. Na ce a gwada na wata ɗaya ko biyu kafin Yaya ya miƙe. Wallahi haka na faɗa, kuma haka na nufa.

Ba ƙaramar wahala na sha ba. Manhajar ba ta yafe kuskure. Idan yatsana ya gogi tsirkiyar da ba ita nake nufi ba, sai wani sauti ya faɗo tsakiyar waƙa kamar an taka kyanwa. A tsirkiyoyi masu kauri kuma sautin yana ɗan makara, sai da na koyi yadda zan riga mai ganga da ƙiftawar ido. Na daina jan tsirkiya, na daina zamiya da yatsa, na daina duk 'yan kwalliyar da aka san ni da su, don manhajar rikicewa take yi da su. Abin da ya fi ci mini rai, don kiɗan ya yi kama da namu na da, na zauna da tsofaffin waƙoƙinmu na kwaikwayi hannun Yaya, har da ɗan tsayawar da yake yi kafin amshi. Injiniya kuma ya daidaita muryar fiyanon ta zama irin ta Yaya sak.

Malama, abin ya yi kyau. Masifar ke nan. Mutane suna rawa, ba wanda ya tambayi ina mai fiyano. Makon jiya maigidanmu ya ja ni gefe ya ce shi ba ya ganin muna buƙatar mai fiyano kuma, ko da Yaya ya warke, kaya sun ragu, mota ɗaya ta ishe mu. Ya ce tunda ni ne mijin ƙanwar Yaya, ni zan san yadda zan gaya masa. Na naɗe wayar jitata na tafi.

Yaya bai san komai ba. Duk Asabar ina zuwa gaishe shi. Nakan same shi a falo yana matsa ƙwallon roba da hannun hagun, takardar atisayen asibiti manne a bango, fiyanonsa a jingine an lulluɓe shi da zane. Abin da na gaya masa shi ne wani baƙo muke ɗauka na wucin gadi, kujerarsa tana jiransa. Don kujerar nan yake tashi kullum ya yi atisayen, matarsa ce ta gaya mini.

Zuwan da na yi na ƙarshe, ashe wani ya turo masa sautin wasanmu a waya. Ya kunna ya ce in saurara. Da ya ƙare sai ya ce, "Baƙon nan naku yana da kunne, amma ba mai fiyano ba ne. Mai fiyano ba ya hawa sauti haka." Sannan ya ce, "Kai kuma ina jitarka? Ban ji ka ba ko sau ɗaya." Na ce sifikata ce ta sami matsala a ranar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa matarsa ta kawo mini ruwa, ya ci gaba da matsa ƙwallonsa.

Matata tana ta alfahari wai ni na riƙe wa yayanta wuri. Da wannan aikin nake ciyar da gidana, shekarata hamsin da ɗaya, ban iya wata sana'a ba. Idan na ajiye, injiniya ya ce kowane mai jita zai iya koya, wato ko na tafi ba Yaya za a dawo da shi ba. Jitar kanta na fara jin haushinta. Shekaranjiya na jona ta da sifika kawai ba kwamfuta, na ji yatsuna sun sandare, kiɗan ba nawa ba, ba kuma na Yaya ba.

In gaya masa ne? Ina tsoron ya jefar da ƙwallon nan, ko jininsa ya sake hawa a dalilina. Ko in bar ƙungiyar kawai in huta? Ki gaya mini gaskiya ko da ba daɗi.

Mai Jita

*

Mai Jita, sannu da wannan nauyi. Bari in raba maka shi biyu, domin ka haɗa abin da ba laifinka ba da wanda laifinka ne, kana ɗauke da su a matsayin abu guda.

Ba kai ka kwantar da Yaya ba, ba kuma manhaja ba. Ciwo ne. Ka koyi sabon abu a shekara hamsin don ƙungiya kada ta watse kuma gidanka ya ci abinci, wannan ba cin amana ba ne. Inda ka kauce shi ne baƙon ƙarya da ka ƙirƙira, kana ciyar da shi duk Asabar. Na san tausayi ne ya sa, amma kana barin mutum yana wahala don kujerar da aka riga aka ɗauke.

Kuma ina zargin ya gane. Wanda ya yi shekara ashirin da uku yana jin hannunka ba zai kasa gane shi ba don an sauya masa murya. Tambayar da ya yi maka dama ce ya ba ka. Kada ka bari wani a waje ya riga ka.

Kada ka bar aikin, barinsa ba zai amfani kowa ba. Ka fara da matarka, yau ba gobe ba. Za ta ji zafi, ka bar ta ta ji, kada ka kare kanka. Sannan ku sami matar Yaya, ku tambayi likitansa ko akwai abin da za a kiyaye kafin a yi masa magana mai nauyi. Tsoronka game da jininsa ba shirme ba ne, amma likita ne zai auna shi, ba kai ba.

Maigidanku kuma ka koma masa. Shi ya yanke shawara, shi zai je ya faɗa da bakinsa. Mutumin da ya ba shi fiye da shekara ashirin bai cancanci sallama ta hannun ɗan aike ba. Ka faɗi naka, shi ma ya faɗi nasa. A wannan zaman ka tambaye shi ko akwai wurin Yaya a tsara kiɗa da zaɓen muryoyi, tunda kunnensa da hannunsa na dama suna nan. Amma kada ka kai wa Yaya alkawarin da ba a ba ka ba. Ƙarya ɗaya ta isa.

Ranar da za ka gaya masa, ku kasance ku biyu kawai, kuma kada ka je da kwamfuta. Ka ce ni ne baƙon, na kwaikwayi hannunka, na ɓoye maka, ka yafe mini. Daga nan ka yi shiru. Mai yiwuwa ya yi fushi, mai yiwuwa ya yi makonni bai neme ka ba. Ka ci gaba da zuwa duk da haka. Idan wata rana ya nemi ganin yadda abin yake aiki, sai ka kawo. Atisaye kuwa, hannun da zai ɗaura maɓallin riga ya ɗauki jika ya isa dalili, ko babu fiyano.

Jitarka ma tana da haƙƙi a kanka. Ka nemi a bar maka waƙa biyu a kowane wasa da muryarta ta asali, kuma ka riƙa kaɗa ta a gida ba na'ura. Yatsun za su saki a hankali.

Ba zan ce maka komai zai koma yadda yake ba, domin ba zai koma ba. Amma zumuncin da za ku ci gaba da shi bayan wannan maganar zai zama wanda za ka iya zama a cikinsa ka ɗaga ido. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya daidaita tsakaninku.