Kusurwar Da Na Ƙi Yankewa

Anti Marlene, don Allah ki taimake ni da shawara, domin duk wanda na tunkara da wannan magana dariya yake yi mini. Shekaruna goma sha shida, saura shekara ɗaya in gama sakandare, kuma ni ba mai yawan magana ba ce. Ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki.

A hutun hunturu na ari wani littafi a ɗakin karatun makarantarmu, don kawai bangonsa ya burge ni. Wata tsohuwa ce ta rubuta shi a kan ƙananan ƙudajen zuma na daji, waɗanda ba su da amya, a ƙasa suke haƙa gidajensu. Na karanta na sake karantawa. Tun daga nan farfajiyar gidanmu ta sauya a idona. A da koriyar ciyawa nake gani, shimfiɗe kamar darduma. Yanzu wuri nake gani da ko ƙwaro ɗaya ba zai sami abin ci ba.

Matsalar ita ce Babana. Kin san mazan jiharmu ta Iowa da ciyawar ƙofar gida. Duk Asabar yana kanta, yana yanka, yana feshi, kuma bai taɓa yarda kowa ya taɓa masa injin yankan ba, ko Mama. Bana sai ya damƙa mini shi, ya ce na isa. Har yau in na tuna sai in ji daɗi.

To ni kuma sai na bar wata kusurwa kusa da titi ban yanke ba. Furanni suka fito, farare da rawaya, ƙudajen kuwa suka zo, daidai yadda littafin ya faɗa. Na tsuguna ina kallonsu har ƙafata ta yi tsami. Sai maƙwabcinmu Mista Kubicek ya leƙo ta shinge ya ce wa Baba, wai ashe ya koma kiwon awaki ba a gaya wa unguwa ba. Baba ya yi dariyar yaƙe, kunnuwansa suka yi ja.

Na kasa yi masa bayani da baki, sai na ajiye littafin a teburinsa. Anti, kofin gahawarsa yake ɗorawa a kai. Yanzu ya ce kafin huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka da duk layinmu ke taruwa gasa nama a ƙofar gidanmu, ko in yanke kusurwar ko ya karɓe injinsa. Ni na tabbata ina da gaskiya, ba na shakka ko kaɗan. Amma ba na so ya janye amanar farko da ya ba ni. Yaya zan yi?

Mai Yankan Ciyawa, Iowa

'Yata Mai Yankan Ciyawa,

Kina da gaskiya a kan ƙudajen, kuma na ji daɗin yarinyar da littafi ya sa ta tsuguna ta kalli ƙasa. Kada ki bari dariyar kowa ta raba ki da wannan.

Amma dubi ɓangaren Babanki. A layinku, gyararriyar ciyawa ita ce gaisuwar da mutum ke yi wa maƙwabtansa kullum. Ya ba ki injin yana alfahari da ke, sai ga shi an yi masa ba'a ta kan shinge a kan abin da ba ki ko sanar da shi ba. Ke littafin ya same ki a natse, ba wanda ya tilasta miki. Shi kuwa kin ajiye masa shi ne a makon da aka kunyata shi, don haka kada ki yi mamakin kofin.

Littafi ba zai yi magana a madadinki ba. Ki same shi kafin Asabar, ki ce masa ya kamata a ce kin nemi izininsa tun farko. Sannan ki roƙe shi ya bar ki ki kewaye kusurwar da bulo, ki gyara gefenta tsaf. Abin da aka yi wa iyaka lambu ne, ko Mista Kubicek ba zai kira shi makiyaya ba. In ya ƙi, ki yanke ta da hannunki, yanka mai kyau ba na fushi ba, ki nemi ya ba ki bayan gareji. Ƙudajen ba ruwansu da gaba ko baya.

Littafin kuwa ki bar shi a ƙarƙashin kofin. Duk safiya hannunsa yana kaiwa wurin, kuma maza irin Babanki sun fi buɗe littafi in ba wanda ke kallonsu.

Allah ya bar ki da wannan ido, ya kuma sa ku ci naman biki kuna dariya tare.

Anti Marlene