Ƙarfe Ma Yana Gajiya

Gehuru, ta Jega,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗana Murtala,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Khairiyya da jikata Ummi, wadda har yau a gilashin waya kaɗai na san fuskarta. Mu nan sai godiya. An yanke gero, dawa na kan hanya, an fara dashen albasa a fadama. Ƙanwarka Salima ce ke rubuta mini, ta zo daga Maiyama duba ni. Na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta mai da ni Bakano, amma tunda ban san baƙin boko ba, abin da ta ga dama shi za ka karanta.

Za ka ce me ya hana in kira ka da wayar da ka aiko. Ƙi na yi. Maganar waya iska ce, ka ji ka ajiye, takarda kuwa ko ka cusa ta ƙarƙashin katifa tana nan tana jiranka. Kuma ban manta ba, a wayar nan ka yi mini ta'aziyyar mahaifiyarka, Allah Ya jiƙan Uwani, ka ce takardun tafiya ba su fito ba. Ban ce ƙarya ka yi ba. Na dai san har daga Gumbin Kure an zo a kan babur cikin ruwan sama, don zumunta a ƙafa take.

Rannan a kasuwar Jega, Hamma mahauci ya tare ni a gaban mutane yana dariya, wai ya ji an ce gadin fanka kake yi a ƙasar Turawa. Na ce masa fankar taka ta fi giginya tsawo nesa ba kusa ba, iska ke juya ta ta ba gari wuta, shi kuma ya ci gaba da korar ƙuda da kwali. Ban ƙara sayen namansa ba. Amma da na dawo gida sai na zauna ina tuna bayanin da ka taɓa yi mini kan wanga aiki naka. Ka ce ba gyara kake yi ba, naka shi ne ka gano ko ƙarfen ya gaji. Ka ce kuna liƙa wasu 'yan na'urori a jikin doguwar sandar da fukafukanta, suna jin duk lanƙwasar da iska ta yi musu, sannan ku yi lissafi ku gaya wa masu ita shekarun da suka rage mata. Na yi maka faɗa, na ce sanin abin da ya rage na Allah ne. Ka ce kintace ne kawai, don a kai mata ɗauki da wuri. Har gobe ina kan bakana.

Abu ɗaya dai ka faɗa da ya zauna mini. Ka ce ba lallai sai guguwa ce ke karya su ba, ƙaramar iskar nan ta kullum ce, ta tura ta saki, ta tura ta saki, har tsaga ta fara daga inda ido bai gani. Wannan kam na yarda. Jigon da nake ban-ruwa da shi kafin zuwan inji, wanda kake lilo a jikinsa uwarka na ƙwala maka kira, ba ranar babban aiki ya karye ba. Wata safiya ce, gugan ma bai cika ba.

To ga dalilin takardar. Duk sanda ka kira sai ka ce mini ina gajiya, in ce ba gajiya, sai ka wuce zuwa tambayar albasa. Haba Murtala! Kai da ka haye teku don gano gajiyar ƙarfen da bai da baki, amsar gaisuwa ce ta ishe ka? Wa ka taɓa ji an ce masa ina gajiya ya ce akwai? Ko majinyaci a kan tabarma ba gajiya zai ce. Uwarka ce kaɗai ba ta yarda da amsar nan. Ba ta ma tambaya, jan ƙafata take ji daga zaure ta ɗora ruwan zafi. Tun da ta tafi gidan ya yi mini faɗi. Tuwon da maƙwabta suka aiko nake ci ni kaɗai, hirata da akuya.

Ranar da muka fara dashe na sunkuya a kan fangali, ƙasa ta juya mini, sai farkawa na yi na ga mutane a kaina. Likita a Jega ya ce zuciyar ce ta yi rauni, in bar duƙe. Baffanka Maiwada, wanda bai taka gidana ba tun rigimarmu ta iyakar gona, shi ya fara zuwa dubiya, bakinsa na sannu idonsa na kan fadama. Wai in bar masa ya noma. Na ce masa ina da ɗa. Ni na hana a gaya maka ciwon. Ga Salima nan tana rubutu tana share ido, na ce ta bari kada ta jiƙa mini takarda.

Ban ce ka bar aikinka ba, kuma kada ka aiko mini da komai, kwalayenka sun cika ɗaki. Ban san abin da ya rage mini ba, kai ma da lissafinka ba ka sani ba. Amma da bakinka ka ce amfanin kintace shi ne a je da wuri. Ina so a cire albasar bana kana tsaye a bakin fangali, Maiwada ya gan ka da idonsa, ni ma in gan ka da nawa.

Ka gaishe da Khairiyya da kyau. Ka ce wa Ummi mijinta na Gehuru ya tsufa, ta zo ta gani ko za ta fasa. Salima da maigidanta Auwal suna gaishe ku. Maiwada bai ba da saƙo ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Gaisuwar nan kuma da ka daɗe kana yi mini, ga amsarta, kada ka ƙara tambaya ta waya: akwai gajiya, ɗana.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kawo ka lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Ɗanasabe Gehuru.